Ruwan da Aka Soke da Jan Biro

A ofishin kula da yanayi, hawa na uku, ɗakin ƙarshe inda fanka ke juyi da ƙara kamar tana jin haushin aikinta, akwai wata mata da kowa ke kira Jan Biro. Daga aikinta sunan ya fito. Tashoshin awon ruwan sama ashirin da biyu ne ke bugo waya kowace safiya su faɗi abin da suka auna, ita kuma ta tace lambobin kafin su shiga mujallar wata-wata. Lambar da ta ga ba ta yi kama da gaskiya ba, sai ta ja mata layi da jan biro, ta sa matsakaicin tashoshin da ke kusa a gurbinta. Ba muguwa ba ce, amma ba ta da wasa. Ko katin gayyata ka miƙa mata, sai ta fara duba ko ranar ta dace da kwanan watan.

Tana da ƙa'ida guda da ta riƙe gam tun daga makaranta: tashoshi biyu da ba su kai kilomita ashirin tsakani ba, bai kamata awonsu ya yi hannun riga ba. A bangon ɗakinta akwai taswira, fara fat, an ɗiɗɗiga tashoshin da baƙin tawada. Da rula take auna tsakaninsu. Daga tashar filin jirgin sama da ke bakin birni zuwa tasha ta sha huɗu, kilomita goma sha takwas ne cif. Ta auna ya fi sau goma, ko Allah zai sa ya ƙaru, bai ƙaru ba.

Abin da ya sa take ta aunawa kuwa, tasha ta sha huɗu ta surukinta ce, mahaifin mijinta. Shekara talatin da huɗu ke nan yana auna ruwa a bayan gidansa, har mutanen ƙauyen suka laƙaba masa Mai-awo, alhali bai taɓa sayar da ko ƙwayar hatsi ba. A ƙasarsu da hunturu ake samun ruwa, bazara kuma takan ja har watan tara. Yawancin watanni lambobinsa lafiya lau suke tafiya da na filin jirgi. Amma da zarar bazara ta zo ƙarshe, watan takwas ya kama, sai abu ya rikice. Filin jirgi ya ce sifili, Baba ya ce milimita arba'in. Filin jirgi ya ce biyu, Baba ya ce hamsin da biyar. Ita kuma tana zaune a birni, gumi na bin bayanta, ta leƙa taga ta ga sama wayam, ko gajimaren rantsuwa babu.

Sai ta yanke hukunci a ranta: tsufa ne. Mutum ya ba wa saba'in baya, ido ya fara gajiya, wataƙila ma ruwan ban-shuka ne ke fantsama cikin ma'aunin bai lura ba. Ba ta faɗa wa kowa ba, har mijinta, wanda gidansu ke kira Auta. Ta riƙa soke lambobin a hankali tana maye gurbinsu, tana jin cewa asirin dattijo take rufawa. Auta ya sha ce mata, "Ke, garinmu a watan takwas ruwa ake kamar da bakin ƙwarya," ita kuma ta ɗauka irin kurin nan ne da kowa ke yi wa garinsu. Ba ta taɓa zuwa can a wannan lokaci ba. Hutunta a ƙarshen shekara yake faɗowa.

Bazara uku tana haka. Ranar wata Juma'a, Darakta ya kira ta ofishinsa. Takardunta ne a gabansa, ya jera su, ja ya yi musu yawa kamar an yanka kaza a kai.

"Zauna. Na ƙirga da kaina," in ji shi. "Sau sittin da bakwai kin soke awon tasha ta sha huɗu a shekara uku. Sauran tashoshin duka a haɗe ba su kai ashirin ba. Ko dai tsohon nan yana kwance a gado yana ƙirƙiro lambobi, ko kuma ido ya tafi. Ko wanne ne, tashar ba ta da amfani."

Ya turo mata ambulan. Bai liƙe ba, don haka ta zaro ta karanta. An rufe tasha ta sha huɗu daga ƙarshen wata, an gode wa mai kula da ita. Dalili kuma layi ɗaya ne: saboda rashin ingancin awo.

"Ranka ya daɗe, surukina ne," ta ce, muryarta ta yi ƙasa.

"Na sani. Shi ya sa ban ba wa direba ba. Gara ya karɓa daga hannun na gida."

Ta fito da ambulan a jaka. Ita da ta so rufa masa asiri, ga shi da hannunta ta haƙa masa rami. Shekara talatin da huɗu, a ƙarshe a sallame shi da kalma huɗu masu cewa bai iya aikinsa ba. Abin ya dame ta har ta kasa cin abincin dare, Auta na tambaya tana cewa zafi ne.

Washegari da sassafe ta hau motar farko. Auta yana da aiki a kantin magani, bai samu bin ta ba. Birni ya riga ya ɗumama tun kafin rana ta fito sosai, kwalta na mayar da zafin jiya, ciyawar gefen hanya ta ƙone ta yi ja. Bayan rabin awa hanya ta fara hawa. Motar ta riƙa nishi tana lanƙwasa, kwana bayan kwana, har kunnuwanta suka toshe. Wata dattijuwa da ke kusa da ita ta buɗe jaka ta ciro rigar sanyi ta sa. Jan Biro ta kalle ta da gefen ido, ta ce a ranta, wannan baiwar Allah ba ta da lafiya. Minti goma bayan nan ita ce ke neman yadda za ta rufe gilashi.

Da suka tsallaka ƙololuwar dutsen suka fara gangara, sai ta ga kore. Ba koren lambun da ake yi wa ban-ruwa ba, kore ko'ina, har kan duwatsu da jikin katanga. Ruwa kwance a ramukan hanya. Ta ce wa kanta wataƙila bututu ne ya fashe.

Tara saura kwata ta isa gidan. Inna, surukarta, ta tare ta a ƙofa da hannu duk kumfar wanki.

"A'a, yau kuma wace rana? Ma'aikaciya da kanta, kuma ba ƙarshen shekara ba? Ko Auta ne ya yi miki laifi kika kawo ƙara? Faɗa mini, in sa a kamo mini shi."

"Lafiya lau, Inna. Gaisuwa na zo."

"To shigo. Amma kada ki sa rai Malam zai amsa gaisuwarki yanzu. Kin ga agogo. Ko gobara ce ta tashi sai ta jira tara ta wuce."

Wannan Jan Biro ta sani. Ranar bikinta ma sai da aka jira shi kusan awa biyu, domin ya ce sai ya yi awon ƙarfe tara kafin ya hau mota. Ta daɗe tana riƙe da abin a ranta, tana ganin rainin wayo ne a ajiye taro saboda gwangwani.

Ta zagaya bayan gida. Wani fili ne ɗan ƙarami, an kewaye shi da waya, ciyawar an aske ta daidai kamar kan soja. A tsakiya ga ma'aunin, gwangwanin tagulla mai mazurari a baki, an kafa shi a ƙasa, yana ƙyalli don goga. Baba na tsaye a gefensa, dogo, siriri, da tabarau a hanci da fensir a bayan kunne, idonsa a kan agogon hannu. Ya ɗaga mata hannu kawai, alamar ya gan ta.

Tara daidai ya durƙusa. Ya cire mazurarin, ya ɗauko kwalbar da ke ciki da hannu biyu, ya juye ruwan a hankali cikin wani dogon gilashi mai zane-zanen awo. Bai ɗaga gilashin sama ba. Ya ajiye shi a kan wani faffaɗan dutse da ya daidaita don haka, shi ya sunkuya har idonsa ya zo daidai da saman ruwan. Ya karanta, ya rufe ido, ya sake buɗewa ya karanta. Sannan ya zaro fensir ya rubuta a littafi, da takardar kabon a ƙarƙashin shafin.

"Arba'in da ɗaya da ɗigo biyu," ya ce, sannan ya miƙe ya juyo da fara'a. "'Yata, sannu da hanya. Yaya birni? Yaya zafi?"

Ta durƙusa ta gaishe shi. Zuciyarta kuwa na can wurin lambar. Jiya filin jirgi sifili ya bayar, da idonta ta gani kafin ta tashi aiki.

"Baba, da fensir kake rubutu har yanzu? Ai an raba biro."

"Biro a nan? In ɗigo ɗaya ya faɗa a shafi, aikin wata ya narke. Fensir ba ruwansa da ruwa."

Da ya shiga ciki don bugo waya ofis, sai ta tsaya ta yi abin da ya kawo ta a ɓoye. Ta duba ko akwai bututun ban-ruwa kusa. Babu. Ta duba ko rufin gida na zubo ruwa wajen. Rufin na can nesa. Ta ɗaga mazurarin ta haska shi a rana ko ya fashe, ta duba bakinsa ko ya lanƙwashe. Komai garau, ya fi na filin jirgi tsabta, in za a faɗi gaskiya. A gefen wayar ta ci karo da wani katon kututture, an sare shi kusa da ƙasa.

"Itacen lemona ke nan kike takawa," in ji Inna daga wurin shanya. "Ni na dasa shi shekarar da na haifi Auta. Da ya yi tsawo ya fara 'ya'ya masu kyau, sai Malam ya zo da igiyar awo, ya auna tsayinsa, ya auna nisansa da gwangwanin, ya ce zai riƙa tare iska ya rage wa ma'auni ruwa. Na yi kuka, na yi rantsuwa zan tafi gidanmu. Ya ba ni haƙuri kwana uku, a na huɗu ya kira mai gatari. Wata guda ban yi masa magana ba. Ni da gwangwanin nan, ai na san wanda ya fi daraja a gidan nan."

Tana faɗa tana dariya, amma Jan Biro ba ta iya dariyar ba. Mutumin da ya sare itacen matarsa don kada awo ya ragu da ɗigo, shi ne ake cewa yana ƙirƙiro lambobi daga kan gado. Ambulan na cikin jakarta, ta kasa ko taɓa zif ɗin.

Bayan sun ci abincin rana, Baba ya leƙa waje ya dubi wajen yamma, ya ce, "'Yata, in ba ki gaji ba, ari takalmin roba na Inna ki zo mu taka. Akwai abin da na daɗe ina so in nuna miki."

Suka bi wata siririyar hanya ta bayan gonaki suna hawa. Shi yana gaba da sanda, ita tana baya tana haki, tana jin kunyar yadda ɗan saba'in ke tsayawa yana jiran ta. Kusan minti arba'in suka yi kafin suka fito a kan ƙololuwa, inda iska ke kaɗa ciyawa ta kwantar da ita gefe guda.

"Juya nan tukuna," ya ce.

Ta juya yamma. Can ƙasa, bayan gonaki da ƙauyuka, ga teku shimfiɗe yana walƙiya. Ta san yana nan, a taswirarta shuɗin fenti ne a gefen takarda, amma ba ta taɓa tunanin daga gidan Baba ana jin ƙanshinsa ba.

"Yanzu juya nan."

Ta juya gabas. Ga birni can ƙasa a cikin kwari, fari, busasshe, zafi na rawa a samansa. Har filin jirgin ta hango, da wani jirgi ƙarami kamar ƙwaro yana tafiya a kan titinsa.

"Kin ga teku," in ji Baba, "ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin saki. Kamar tukunyar ƙasa yake. Tun farkon bazara rana ke dafa shi, amma sai yanzu da bazarar ke shirin tafiya yake yin ɗumi sosai, ya fara ta da laima. Da hantsi ya yi, ƙasa ta gasu, sai iska ta taso daga can ɗauke da laimar nan, ta zo ta tarar da dutsen nan a tsaye. Ba ta da hanya sai ta hau. Tana hawa tana yin sanyi, in ta yi sanyi kuma ba ta iya riƙe abin da ta ɗauko. Sai ta sauke mana shi a ka. Abin da ke tsallakawa wurinku iska ce da aka riga aka matse, tana gangara tana ƙara zafi. Ku kuma kun shimfiɗa mata kwalta da siminti, kun ce bismilla. Ruwan sanyin hunturu daban ne, shi daga sama can yake zuwa da faɗi, ya rufe mu da ku gaba ɗaya. Na yanzu kuwa namu ne mu kaɗai."

Jan Biro ta dubi dutsen da suke tsaye a kai. Ta san wannan. Wallahi ta san shi, ta rubuta shi a jarrabawa, har da zanen dutse da kibiyoyi, ta ci maki mai kyau. Abin da ba ta taɓa yi ba shi ne ta ɗora wannan dutsen a kan taswirar bangonta. Taswirar ba ta nuna tudu ko kwari, ɗigo ne kawai da layi. Rula ta ce kilomita goma sha takwas, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ba ta dai faɗa mata cewa a tsakanin ɗigon biyu akwai dutse mai tsayin mita ɗari tara ba.

"Ƙarfe nawa?" ya tambaya, duk da agogo na hannunsa.

"Biyu da kwata."

"To dubi can."

Gizagizai ne ƙanana, farare, suka fara taruwa a gindin dutsen ta wajen teku. Tana kallo suna kumbura, suna hawa kan juna, ƙasansu na yin baƙi. Ba ta taɓa ganin hadari yana haɗuwa a ƙasa da ƙafarta ba. Ya riƙa hawowa yana cinye gonaki, ya cinye rufin gidan Baba, iskar ta yi sanyi ta cika da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Da gefensa ya iso ƙololuwa ya leƙa ɓangaren birni, sai ya riƙa yagewa yana ɓacewa kamar tururin shayi. A hagunta duhu da rugugin tsawa, a damanta rana tar. Ta tsaya baki buɗe, ita da ke da takardar shaidar ilimin yanayi a bango.

"Mu sauka," in ji Baba. "Uku saura zai fara. Ba za mu riga shi ba, amma mu gwada."

Ba su riga shi ba. Ruwan ya same su a tsakiyar gonaki, manya-manyan ɗigo masu zafin duka, sannan ya ɓarke gaba ɗaya. Hanyar da suka hau ta zama rafi. Baba ya miƙo mata ƙarshen sandarsa ta riƙe, suka riƙa gangarawa a hankali, shi yana gaya mata inda za ta taka. Suka isa gida sharkaf, Inna na tsaye a baranda da tawul biyu tana faɗa.

"Kai dai Malam ba ka da tausayi. Yarinya ta zo gaisuwa ka kai ta ka wanko ta."

Jan Biro ta canza kaya, ta sa wata doguwar rigar Inna da ta yi mata yawa, ta tsaya a baranda ta kira mijinta. Da ƙyar take jin muryarsa saboda ƙarar ruwa a kwano.

"Ana ruwa a wurinku?"

"Wane ruwa?" in ji Auta. "Ina tsaye gaban fanka na buɗe maɓallan riga. Wannan ƙarar mece ce? Au, kin gani ko? Shekara nawa ina gaya miki kina yi mini kallon maƙaryaci."

Da ruwan ya tsagaita wajen biyar, ta zura takalmi za ta nufi ma'aunin. Baba ya dakatar da ita.

"Ina zuwa?"

"In ga nawa ya sauka."

"Sai tara na safe. In kowa zai buɗe lokacin da ya ga dama, ai ba awo ke nan ba. Ki kwana, gobe ke za ki karanta."

Ta kwana. Da safe gari ya waye tas, ganye na ɗigar ruwa, sama kamar ba ita ta yi aikin jiya ba. Tara saura biyar suna tsaye su biyu a cikin wayar. Da lokaci ya cika ya yi mata nuni da ka. Ta durƙusa, ta cire mazurarin, ta ɗauko kwalbar, ta ji nauyinta. Sai da ta cika gilashin ta juye, ta sake cikawa, domin ruwan ya fi ƙarfin awo ɗaya. Ta sunkuya yadda ta ga ya yi, gwiwarta a cikin laka, ta haɗa lissafin.

"Sittin da uku da ɗigo huɗu."

Ya sunkuya ya duba na ƙarshen. "Da ɗigo huɗu. Haka ne." Ya zaro fensir daga bayan kunne ya miƙa mata da littafin. "Rubuta."

Ta karɓa, amma ba ta rubuta ba. Wannan lambar, da a teburinta ta same ta gobe, da ko minti ɗaya ba za ta yi ba za ta ja mata layi. Hawaye suka cika mata ido. Ta ajiye littafin a kan dutsen, ta shiga ciki ta ɗauko ambulan, ta dawo ta durƙusa a gabansa ta miƙa da hannu biyu.

"Baba, ba gaisuwa ce ta kawo ni ba. Wannan aka ba ni in kawo maka. Kuma ni na jawo. Shekara uku ina soke awonka na watan takwas da na tara. Na ɗauka idonka ne ya raunana, na ce bari in rufa maka asiri. Ka yafe mini."

Ya gyara tabarau ya karanta takardar har ƙasa. Ta ga yatsansa ya tsaya a kan layin nan na dalili, ya daɗe a wurin. Sannan ya ninke ta yadda take, ya ce, "Tashi, laka ce a nan. Zo."

A ɗakinsa ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado. Kofen littattafansa ne na kabon, an ɗaure su shekara-shekara da zare. A samansu kuma mujallun ofis ne, waɗanda ake aiko wa kowace tasha. Ya buɗe ɗaya ya miƙa mata. A layin tasha ta sha huɗu, gefen kowace lambar da ta canza, akwai ɗan ƙaramin ɗigo na fensir, da ainihin lambar a rubuce ƙanana a gefe. Ta buɗe ta gaba, haka. Ta gaba ma haka.

"Sittin da bakwai ne," ya ce. "Ko na yi kuskure?"

"Ka sani? Tun yaushe?"

"Tun na farko."

"To, Baba, me ya hana ka magana?"

Ya zauna a bakin gado ya cire tabarau yana goge shi da gefen riga. "Na rubuta wa ofis takarda sau biyu. Ta farko Inna ta gani, ta ce, Malam, in takardar nan ta isa, wa za a kira a tsayar a gaban tebur? Na ce mai tace lambobi. Ta ce, wace ce mai tace lambobi? Sai na yaga. Ta biyu ban ma jira ta tambaya ba. Ke kuma in na tare ki da maganar a gida, kunya za ta hana ki sake shigowa nan da sakin jiki. Na ce wata rana za ki zo a watan takwas ki gani da idonki. Shi ya sa kowace shekara nake ce wa Auta ya kawo ki shan iska, shi kuma shashasha ya ce aiki ya yi miki yawa."

Ya mayar da tabarau ya dubi ambulan da ke hannunsa. "Rufe tasha ba komai ba ne, 'yata, ko ba yau ba zan bari. Wannan layin ne dai ya yi mini ciwo. Ba zan ɓoye miki ba."

Inna na tsaye a bakin ƙofa tana sauraro. Jan Biro ta share fuska. Ta karɓi ambulan daga hannunsa ta mayar jaka, ta fita bayan gida ta ɗauki fensir ta rubuta sittin da uku da ɗigo huɗu, ta danna sosai don ya fito a kabon. Sannan ta dawo ta ce, "Baba, ara mini kwalin nan."

Ranar Litinin, takwas saura, tana ƙofar Darakta da kwali a hannu. Ta ajiye shi a kan teburinsa, ta ɗora ambulan a sama.

"Ba ki ba shi ba?"

"Ya karanta, ranka ya daɗe. Na dawo da ita ne domin dalilin da ke ciki ba gaskiya ba ne. Awonsa daidai yake, duka sittin da bakwai. Akwai dutse tsakaninsa da filin jirgi, ni kuma da rula na yi aiki a kan taswirar da ba ta san da dutse ba. Shekaranjiya ruwan ya dake ni, jiya na auna shi da hannuna. Rashin ingancin a teburina yake."

Darakta ya kwance zaren ɗauri ɗaya ya riƙa buɗe shafukan. Ya daɗe yana bi, rana bayan rana, ba gurbi ko ɗaya, rubutun iri ɗaya kamar na inji. Ya ɗago ya dube ta.

"Kin san abin da kike jawo wa kanki? Sai an sake buga mujallun shekara uku da gyara, kuma sunanki ne zai fito a takardar bayani. Ƙarin girman da kike jira bana, ki manta da shi."

"Na sani."

Ya yi ajiyar zuciya. Ya ɗauki ambulan ya yaga gida biyu ya jefa a kwando. "Ki sa a nemo taswira mai nuna tudu. Ki kuma duba sauran tashoshin da kika soke wa lamba, kada a ce akwai wani dutsen."

Ta koma ɗakinta ta cire farar taswirar daga bango ta naɗe. Ba ita ce ke ɗaukar wayar tashoshi ba, amma ranar ta ja kujera ta zauna kusa da wayar, ta ce wa mai aikin ta je ta sha shayi. Filin jirgi ya bugo, sifili. Tara da minti biyar wayar ta sake ƙara.

"Tasha ta sha huɗu," in ji muryar, a natse, kamar bai san wadda ta ɗauka ba. "Arba'in da takwas da ɗigo shida."

Ta leƙa taga. Rana ƙwal, sama wayam, gumi na bin bayanta. Can nesa ta yamma, a bayan hasumiyar filin jirgi, ta hango shuɗin layin dutsen, wanda ta yi shekaru tana kallo ba ta gani ba.

"Arba'in da takwas da ɗigo shida," ta maimaita. "An karɓa, Baba. Gobe ma muna jira, da jibi, da watan gobe."

Ta ji ya yi gyaran murya.

"To, madalla," ya ce. "Inna ta ce kin tafi mata da tawul."

Ta ɗauki baƙin biro ta rubuta lambar yadda ya faɗe ta.